Silinda 6 mai turbo ko V8: wanne ya dace da hanyoyin Damagaram?

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga unguwar Zango a Damagaram ya aiko da wannan tambaya: "Ina son sayen babbar mota mai shan isansi. Dillali ya nuna mini biyu: ɗaya V8 ce mai lita 5.7, ta hannu. Ɗayar sabon yayi ce mai silinda 6 da turbo biyu, lita 3.5. Ya ce mini ta biyun ta fi ƙarfi, kuma ba ta shan mai kamar ta farkon. Yawancin tafiyata Yamai ce da Kano, amma ina da dabbobi wajen Tasker, nakan shiga daji sau uku ko huɗu a shekara. Wacce zan ɗauka?"

Alhaji, Allah ya sa a saya a sa'a. Dillalinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya faɗa maka. Mai turbon ta fi ƙarfi, kuma a kan kwalta ta fi tsimin mai. Abin da bai faɗa ba shi ne wannan ƙarfin da wannan tsimin suna da sharaɗi, kuma sharaɗin yana wuyan mai mota: baƙin mai na ƙwarai a kan lokaci, iska mai tsabta, isansi daga famfo, da bakanike wanda ya san injin. V8 marar turbo yana yafe sakaci mai yawa, mai turbo kuwa ba ya yafewa. Saboda haka kafin ka duba injin, ka duba wanda zai riƙa kula da shi da kuma nisan wurin da mota za ta iya mace maka.

Daga girman da ka faɗa, motocin nan sun yi kama da Land Cruiser 200 ko ƴar'uwarta Lexus LX 570 a gefe guda, da Land Cruiser 300 ko LX 600 a ɗaya gefen. Da su zan yi misali, amma maganar ta shafi sauran ma. Ford ya sa silinda 6 mai turbo biyu a F-150 tun 2011, Toyota ya ajiye V8 a babbar Land Cruiser lokacin da ya fito da 300 a 2021, Nissan ma ya bi sahu da sabuwar Patrol a 2024. A nan garin kowace babbar Land Cruiser "V8" ake ce mata, ko da silinda 6 ne a cikinta, don haka kada ka tsaya ga sunan da dillali ya kira: a buɗe gaban mota a karanta lambar injin.

Yadda ƙaramin inji yake fin babba ƙarfi

Ƙarfin inji daga yawan iskar da yake shaƙa yake fitowa. Isansi ba ya ƙonewa yadda ya kamata sai da iska, kusan kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na mai. V8 mai lita 5.7 girman cikinsa ne ke ba shi iska mai yawa: fistoci takwas suna zuƙa da kansu, babu mai tura musu. Mai lita 3.5 cikinsa ƙarami ne, sai aka sa masa turbo ya cusa masa iskar da ƙarfi. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana matsa iska tana tura ta cikin silinda. In matsin ya kai bar 1 a kan na iskar duniya, injin ya shaƙi kusan ninki biyu na abin da zai shaƙa da kansa, wato a wannan lokacin lita 3.5 ya zama kamar lita 7.

Shi ya sa alƙaluman suke haka. V8 ɗin Toyota mai lamba 3UR-FE yana ba da doki 381 da ƙarfin ja Nm 543, kuma sai inji ya hau juyi 3,600 a minti kafin ya kai wannan ƙarfin. Mai turbon, V35A-FTS, yana ba da doki 409 da Nm 650, kuma tun daga juyi 2,000 ya riga ya kai ƙololuwarsa. Wannan bambancin direba yana jin sa a ƙafa: in za ka wuce babbar mota tsakanin Takeita da Tasawa, mai turbon da ɗan taɓawa take tashi, V8 kuwa sai giya ta sauka injin ya yi ruri. Mai turbon tana da giya 10, V8 ɗin giya 6 ce a tsofaffi, 8 a na bayan 2015.

Zafi ma yana shiga lissafin. Iskar da ta kai digiri 45 a watan Afrilu ko Mayu ta fi ta digiri 15 sauƙi da kusan kashi 10 cikin 100, don haka V8 yakan rasa wani abu na ƙarfinsa a bazara. Turbo yana cike wannan giɓin ta hanyar ƙara juyi, amma a bakin ƙarin zafi a jikinsa. Maganar tsauni da ake yawan kawowa don yabon turbo ba ta dame ka ba. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 a kowace mita 100 ta hawa, Damagaram kuwa ba ta kai mita 500 a kan teku ba.

Shan mai, da lissafinsa a sefa

Gwajin hukumar muhalli ta Amurka ya ba V8 mai lita 5.7 kusan lita 16.8 a kilomita 100, gari da hanya a haɗe. LX 600 mai turbo ta samu kusan lita 12.4. Bambancin lita 4.4 ke nan. Ɗauki farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar isansi a watan Yulin 2024. Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 890 ne, zuwa da dawowa 1,780: mai turbon ta rage maka lita 78, wato kusan jaka 39 a kowace tafiya. In kana cin kilomita 20,000 a shekara, lita 880 ne, kimanin jaka 440. Kuɗi ne na gaske, ba abin rainawa ba.

To amma wannan tsimin yana zuwa ne lokacin da turbon ba ya aiki sosai. A kan kwalta, kana tafiya 100 ko 110, mota ba kaya, injin yana aiki a matsayin ɗan lita 3.5 ɗinsa, yana shan mai daidai girmansa. Da zarar ka loda buhuna, ko ka ja tirela, ko ka shiga rairayi, turbo ya tashi, iska ta ninka, dole mai ya ninka. Har ma ya wuce haka, domin kwamfutar mota tana ƙara zuba isansi fiye da abin da zai ƙone, don ya sanyaya silinda da turbon kada su narke. Shi ya sa daga Gure zuwa Tasker, inda ƙafa ba ta sauka daga totur, za ka ga motocin biyu sun kusa zama ɗaya a sha. Lita 25 zuwa 30 a kilomita 100 cikin rairayi mai laushi ba abin mamaki ba ne ga kowaccensu.

A nan girman tanki ya fi girman inji muhimmanci. Land Cruiser 200 mai tanki biyu tana ɗaukar lita 138, wato 93 da 45. Land Cruiser 300 mai tanki biyu lita 110 ce, 80 da 30. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka tanki ɗaya gare su. A kwalta duka biyun za su kai ka nesa, amma a daji, inda shansu ya zama ɗaya, mai babban tanki ce ta fi nisan zango. Ka tambayi wannan kafin ka biya kuɗi.

Ka kuma dubi dawakin haraji da za a rubuta a takardar mota, domin binyet da inshora suna hawa da su, kuma babban inji yakan ɗauki adadi mafi yawa.

Abubuwa uku da ke kashe turbo a ƙasarmu

Na farko ƙura. Fankar turbo tana iya juyi fiye da 150,000 a minti, kuma fukafukanta na alminiyan ne, sirara ƙwarai. Ƙwayar rairayi da ta tsallake filta tana dukan su kamar harsashi, tana cinye bakinsu kaɗan-kaɗan. In sun cinye ba daidai ba, sandar ta fara rawa, sai ta ci mazauninta, mai ya fara zuba. A hunturu, ko a hanyar Tanut zuwa Agadas in kana bin bayan wata mota, filta tana iya cika cikin kwana kaɗan. Al'adar da ta fi yin ɓarna ita ce busa filta da iskar mai faci: iskar tana huda takardar da ƙananan ramukan da ido ba ya gani, filta ta fito fes kamar sabuwa alhali ta zama rariya. A bubbuga ta a hankali, in ta cika a canza. A duk lokacin da aka buɗe akwatin filta, a shafa yatsa a cikin bututun da ke bayanta. In yatsa ya fito da garin ƙura, ko dai filtar jabu ce ko murfin bai zauna ba. V8 ma ƙura tana cin zobban fistansa, amma shekaru take ɗauka. Turbo kuwa wata kaɗan ya ishe ta.

Na biyu baƙin mai. Sandar turbo ba a kan ƙwallaye take juyawa ba a yawancin motoci, a kan siririn shimfiɗin mai take yawo, kuma man yana zuwa ne ta ƙaramin bututu. Gefen da hayaƙi ke bi yana iya kai digiri 900. In mai ya tsufa ko jabu ne, yana dahuwa ya zama gawayi a cikin bututun, hanya ta toshe, sanda ta bushe. Haka kuma in direba ya sha gudu daga Maraɗi ya tsaya cak ya kashe mota: famfon mai ya tsaya, zafin ƙarfe bai tafi ba, man da ya rage a ciki ya soye. Maganinsa mai sauƙi ne. Bayan doguwar tafiya ko fama da rairayi, a bar inji yana aiki a tsaye minti 1 zuwa 2, ko a sassauta gudu a kilomita biyun ƙarshe. Da safe kuma kada a taka da ƙarfi sai allurar zafi ta motsa.

Juyen mai, wato bidanj, a yanayinmu kilomita 5,000 ne ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, ko da littafin ya ba da fiye da haka ga ƙasashe masu sanyi. Injinan biyu kowanne yana cin lita 7 da ɗoriya. Ga mai turbo a nemi man da aka rubuta API SP a jikin galan. An fito da wannan mataki a 2020 musamman don maganin wata matsala ta injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda: mai yakan kama wuta da kansa kafin buji ya kunna, lokacin da inji ke ƙaramin juyi da nauyi a kansa, kuma bugu ɗaya na irin wannan yana iya fasa fistan. Kaurin man a bi abin da littafin motar ya ce. Toyota 0W-20 ya rubuta wa na Amurka, kuma littattafan ƙasashe masu zafi sukan yarda da 5W-30. Tunanin nan na cewa ƙasarmu da zafi, a zuba 20W-50 mai kauri, ya dace da tsofaffin motoci ne. A sabon inji hanyoyin mai matsattsu ne, mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, kuma a daƙiƙun nan na farko ake yin yawancin ɓarnar. Man da ake aunawa daga duro a bakin hanya kuwa kada ya kusanci motar, ko wacce ka saya.

Na uku isansi. Muna da sa'ar cewa matatar SORAZ tana nan kusa da mu a hanyar Tanut tun 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana. Matsalar ba a famfon gidan mai take ba, tana wajen ruwa-ruwa: kwalba da jarka da suka sha rana, ƙura da ruwa sun shiga, wani lokaci an gauraya da kananzir. Kananzir yana karya ƙarfin isansi na jure matsi, abin da ake aunawa da lambar oktan. Injin da turbo ke cusa wa iska matsin cikinsa ya fi yawa, don haka ya fi saurin yin ƙara irin ta ƙwanƙwasa. Kwamfuta tana ji, tana ja da lokacin kunna wuta baya don ta kare injin, sai ƙarfi ya ragu, sha ya ƙaru, hayaƙi ya ƙara zafi a kan turbo. Ga kuma famfon mai na biyu mai matsi sosai da allurai masu fesa mai ta ramuka ƙanana, waɗanda ruwa da tsatsa ke lalatawa. V8 ɗin 5.7 a bakin bawul yake fesa mai da ƙaramin matsi, ya fi haƙuri da gurɓataccen mai nesa ba kusa ba. Ka buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta. In motar Amurka ce, lambarsu daban take da tamu: 87 ɗinsu daidai yake da 91 ko 92 a ma'aunin da Turai da mu muke bi, 91 ɗinsu kuma kusan 95 ne. LX 600 mai 91 ɗin nan take nema. Lokacin da mai ya yi wuya, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2025, ko a daji inda babu famfo, mai irin wannan motar shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya. In dole ta sa ka sha na jarka, a tace da ƙyalle mai tsabta, a kuma tafi a hankali ba tare da taka totur ƙasa ba har a kai gidan mai.

Akwai kuma yawan kaya. Injin V35A yana da turbo biyu, kowanne da ƙofar rage matsi mai aiki da lantarki, da na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa, wadda ke da nata radiyato da nata famfon lantarki daban da na inji, da allurai 12 maimakon 8, domin yana fesawa a bakin bawul da kuma cikin silinda. Fesawa biyun abu ne mai kyau, yana hana baƙin dauɗa taruwa a bayan bawul, matsalar da ta dami EcoBoost na farko, wato injin Ford mai turbo, har Ford ya ƙara irin wannan tsarin a 2017. Amma kowane ƙarin tiyo da waya wuri ne da zai iya yoyo ko tsinkewa a kan hanya mai gargada. Buji ma ba ɗaya ba ne: littafin Toyota na Amurka ya ba na mai turbo kusan kilomita 64,000, na V8 kuwa kusan 190,000.

Wani abu da ya kamata ka sani: a watan Mayun 2024 Toyota ya kira motoci kusan 102,000 a Amurka, Tundra da LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage cikin inji tun daga masana'anta, wanda ke iya cinye kusine, wato matashin ƙarfen da babbar sandar inji ke juyawa a kansa, har inji ya tsaya. Daga baya kamfanin ya ce zai canza injinan kyauta. Wannan kyautar tana aiki ne a inda dilan kamfani yake. Motar da ta baro Amurka kafin a yi mata aikin, ta sauka Lome ta iso Damagaram, nauyin yana kan wanda ya saya. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ita ce za ta nuna maka: a sa ta a shafin kamfanin a intanet a ga ko motar tana cikin waɗanda aka kira, da ko an yi aikin.

V8 ma yana da nasa ciwon

Kada a ɗauka V8 ba ya lalacewa. Na 5.7 an san shi da yoyon famfon ruwa, da tsatsar mai daga saman inji inda gidan sandar bawul ya haɗu da kulas, wato kan injin da ke rufe silinda, da yoyon ruwa daga farantin da ke tsakiyar injin ƙarƙashin bututun shan iska. Radiyaton Land Cruiser 200 na shekarun farko yakan tsage a robar sama. Na Amurka suna da famfon tura iska cikin salansa, wanda in ya mutu yakan sa mota ta ƙi gudu. Tsohon V8 ɗin Toyota mai lita 4.7 kuwa da bel yake aiki ba sarƙa ba, kuma ana canza shi wajen kilomita 145,000 zuwa 150,000. V8 ɗin Chevrolet da GMC masu kashe wasu silinda don tsimin mai suna da matsalar abin ɗaga bawul. Bambancin shi ne yawancin waɗannan ciwon suna ba da sanarwa: ɗigon ruwa, ɗigon mai, ƙara. Kanikawanmu sun san su, kayan gyara na hannu da sababbi suna samuwa a Kano, kilomita 240 kawai daga nan, kuma mota takan iya lallaɓawa ta kai gida. Turbon da ya fashe kuwa yana iya tura gutsattsarin ƙarfe cikin inji, kuma a wasu motocin sai an ɗaga jikin mota daga shasi kafin hannu ya kai gare shi.

Abin da ya fi kashe V8 a nan zafi ne, kuma mu muke jawo shi. Ana cire tamostat, wanda wasu ke kira kalorista, mai buɗe wa ruwa hanyar radiyato in inji ya yi zafi, wai don inji ya yi sanyi. Sakamakon shi ne inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, kwamfuta tana ta ƙara mai, kuma a injinan da tamostat ke rufe hanyar kewaye, cire shi yana sa wani ɓangaren ruwa ya daina bi ta radiyato. Ana kuma zuba ruwan rijiya ko na famfo maimakon ruwan sanyaya na asali, mai launin hoda a Toyota, sai gishirin ruwan ya toshe ƙananan hanyoyi, alminiyan ya fara ci. Injin alminiyan in ya tafasa sau ɗaya sosai, kulas yana iya lanƙwashewa. Wannan gargaɗin ya shafi motocin biyu, ya ma fi tsanani ga mai turbo da ke da hanyar ruwa biyu.

Shawarata gare ka

In da Yamai da Kano kaɗai kake zuwa, motar kuma sabuwa ce da garanti, da mai turbon zan nuna maka ba tare da jinkiri ba. Amma ka ambaci Tasker, kuma mai dabbobi ba ya zuwa hannu sake: akwai dusa, gishiri, jarkokin ruwa, mutane. A can ne tsimin mai yake ɓacewa, a can ne isansi mai kyau yake wuya, a can ne kuma in mota ta mace babu mai na'urar kwamfuta, wato baliz, da zai zo ya duba. Ga irin wannan aiki, in V8 ɗin lafiyayye ne, shi na fi natsuwa da shi. Jaka 440 da za ka ƙara a mai kowace shekara ka ɗauke ta a matsayin kuɗin kwanciyar hankali, kuma bambancin farashin saye tsakanin motocin biyu yakan biya man shekaru da yawa. Mai turbon za ta zama zaɓi mai kyau in abu uku sun tabbata: kai da kanka kake sa ido a kan juyen mai ba direba kaɗai ba, kana da bakanike a nan ko a Yamai ko Kano wanda ya taɓa buɗe irin injin kuma yana da baliz ɗin da ke karanta shi, sannan lambar shasi ta fito da tsabta. In ɗaya ya ɓace, ka haƙura da ita.

Wata magana a gefe: in dajin ne zai rinjayi kwalta nan gaba, tambayar ma ta canza. V8 mai gazuwal na lita 4.5 shi ma turbo gare shi, kuma ba ya son ƙura ko kaɗan. Injin da Agadasawa suka fi amincewa da shi a Tenere shi ne tsohon 1HZ mai gazuwal na lita 4.2, silinda 6 a jere, babu turbo, babu ƙarfin a zo a gani, amma ana gyara shi a gindin bishiya.

Abin da za a duba kafin a biya

Ka je da bakanikenka da sassafe, ka ce kada a tayar da motar kafin ku iso. Ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake. A tayar ana saurare: ƙarar kacau-kacau ta daƙiƙa biyu ko uku alamar sarƙa ce ko na'urar sauya lokacin bawul. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji kuwa kusine ne, a bar motar nan take. A buɗe murfin zuba mai a haska ciki da tocila: ƙarfe mai launin zuma alama ce ta kulawa, baƙin kunu alama ce ta an daɗe ba a juye ba. Kumfa mai launin madara a murfin ko a sandar awo yana nuna ruwa ya haɗu da mai.

A mai turbo, a kwance babban tiyon da ke shiga turbo a haska fukafukan. Bakinsu ya zama kaifi kuma daidai, ba a cinye ba. A kama sandar da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fukafukan ba sa taɓa gida, amma motsi gaba da baya ba a son sa. Ɗan danshin mai cikin tiyon iska abu ne da aka saba, mai da ya taru yana ɗiga kuwa ba haka ba ne. A fita hanya, a taka sosai daga gudu 60 zuwa 120, wani yana kallon salansa daga baya. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, kuka mai kama da jiniya turbo ne ke bankwana. A jona baliz bayan gwajin, ba kafinsa kaɗai ba, domin ana goge lambobin ciwo kafin mai saye ya zo: P0299 ƙarancin matsin turbo ne, P0234 matsi ya wuce kima, P0300 inji yana tsallake wuta.

A V8, a duba ƙarƙashin famfon ruwa da bayan inji ko akwai busasshen ruwa mai launin hoda, a duba robar saman radiyato, a auna matsin silinda takwas ɗin: bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A bar motar a tsaye a rana minti 20 da kilim a kunne, allurar zafi kada ta gusa daga wurinta. A duka biyun a ɗaga kafet a shinshina, a duba wayoyin ƙarƙashin kujera ko sun yi kore, saboda motocin da ambaliya ta ci a Amurka suna shigowa kasuwa da fenti mai sheƙi. Motar da aka yi wa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf takan zo da tsarin sanyaya da ya fi dacewa da zafinmu.

Duk wadda ka ɗauka, ranar shiga daji a sa a mota filtar iska guda, bel na waje, lita 2 na baƙin mai, lita 5 na ruwan sanyaya, da famfon taya. Da an bar kwalta a Gure a rage iskar taya zuwa bar 1.2 ko 1.5 gwargwadon kaya da laushin rairayi, a kuma shiga ƙaramar giya tun kafin mota ta fara nishi. Taya mai faɗi a ƙasa tana rage wa inji da giya zafi fiye da duk wani abu da za ka saya ka ɗaura. In an dawo kwalta a mayar da iskar kafin a ɗauki gudu, domin taya marar iska a kan kwalta mai zafi fashewa take yi.